Bangon Baba a Kishingiɗe Yake

A shekarar da ruwa ya sauko daga duwatsun Makka ya kwashe ɗakuna uku a ƙasan unguwarmu, ni ɗan ga-ruwa ne, shekarata ashirin da biyar. Garwa biyu nake ratayawa a sanda, in ɗebo daga bazan, inda ake raba ruwa a bakin hanya, in hau da su gidajen unguwarmu Nakkasa, tun fitowar rana har kafaɗata ta daina jin komai. Duk da haka kallon kaina nake kamar wani babban ma'aikaci da aka ajiye inda bai dace ba. Dalilin wannan ɗagawa kuwa shekara huɗu ce da na yi a elementare a Kano kafin mu kamo hanyar gabas. Ina karanta boko, ina ƙirge da Turanci har ɗari, na san yadda ake gaida malami da safe. A layinmu babu wanda ya san ko rabin haka, ni kuma ban bar kowa ya manta ba.

Mahaifina magini ne, gadon gidansu. A Kano da tubali yake aiki, kuma duk wanda ya san bangon Kano ya san gindinsa faffaɗa ne, yana hawa yana sirancewa. Baba bai taɓa riƙe igiyar awo ba. Ido yake sawa, da tafin hannu. Da muka zo Makka bai samu ƙasar da ya saba da ita ba, sai dutse, amma hannunsa bai sauya hali ba. Ya ma ƙara wani abu. Tunda a jikin tsauni ake gini, sai ya riƙa kwantar da bango baya kaɗan, ya jingina shi da tsaunin, don idan ƙasar da ke bayansa ta sha ruwa ta turo, ta tarar da shi ya riga ya tokare. A gindin kuma yakan bar 'yan kafofi da ruwa zai bi ya fita. Larabawan gari suna gini a miƙe ƙyam kamar kwalin sukari, shi kuwa yakan tsaya ya dubi irin nasu ya girgiza kai. Gidanmu da wasu gidaje biyar na 'yan'uwanmu Takari duk aikinsa ne, kuma ranar da ruwan nan ya zo ko dutse ɗaya bai motsa a cikinsu ba.

Kwana uku bayan ruwan, sai ga ma'aikatan hukuma biyu sun hauro da gwangwanin jan fenti da wata igiya mai dalma a ƙarshenta. Aikinsu mai sauƙi ne. Ɗaya ya hau ya saki igiyar daga saman bango, ɗayan, wanda shi ne akawu, ya duba. Duk bangon da bai bi igiya ba, sai a shafa masa ja. Kowa ya san abin da jan yake nufi: za a rushe ginin, kuma kafin a rushe, akawu zai rubuta sunan mai shi, ya nemi ganin iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Mu ba mu da ita. Da sunan hajji muka shigo, hajji ya wuce, mu muka zauna. Wanda aka rubuta sunansa babu takarda, mota ce za ta kai shi Jidda, daga can sai jirgin ruwa. Mahaifiyata a Makka aka binne ta, kuma Baba ya sha faɗa cewa bai keto Sudan a ƙasa shekara biyar don a mayar da shi ya mutu nesa da ita ba.

Da suka saki igiyar a bangonmu, dalmar ta sauka ta kwanta a jikin dutse tun ba ta kai rabi ba. Baba ya matso da Larabcinsa na kasuwa yana yi wa akawun bayani, yana nuna tsaunin, yana nuna kafofin ruwa. Akawun bai ma ɗago ba.

"Mayil, ya hajji," in ji shi. "Karkatacce karkatacce ne. Halas."

Ya shafa ja. Da zai wuce sai ya ce nan da kwana tara muhandis zai zo, wato injiniyan da ke sa hannu, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Muka bincika, aka ce mana mutumin Pakistan ne, bai daɗe da zuwa ba, Larabcinsa bai wuce na salla ba. Da Turanci yake aiki, wannan akawun kuma shi ne tafintansa. Ke nan duk abin da za mu faɗa ta bakin wanda ya riga ya yanke hukunci zai bi.

Da yammacin ranar Baba ya zauna a ƙofar gida yana kallon jan fentin. Can ya kira ni.

"Kai mai boko. Bangon nan nawa a kishingiɗe yake, ba a sunkuye ba. Mutum mai hutawa daban, mai shirin faɗuwa daban. Yaya ake faɗin haka da Turanci?"

Na san sunan kyanwa da na tebur da ranakun mako. Shekara goma sha uku ina cika wa mutane baki, ranar da aka nemi Turancin nan sau ɗaya tak, babu shi. Kunyar da na ji a gaban tsohon nan har yau idan na tuna sai na ji zafi a kunnena. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "To," ya ci gaba da kallon bangonsa.

A samanmu, idan ka bi wani lungu da jaki ma ba ya shiga, akwai ɗaki guda na wani dattijo mutumin Maroko. Kowa Magribi yake ce masa, ni kuma ina kiransa Ammi, yadda ake kiran dattijo a can. Da can mai shimfiɗa tayil ne, har hannunsa ya soma rawa ya bari. Ba shi da kowa. Ya ce ya zo Makka ne ya jira ajalinsa kusa da Ɗakin Allah, takardarsa kuwa ta daɗe da mutuwa ta bar shi. Garwa ɗaya nake kai masa duk bayan kwana biyu. Washegari da na kai, ya ga fuskata ya tambaye ni, na gaya masa komai. Sai ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado ya fito da wani ɗan littafi da ya sha hannu.

Ashe garinsu Turawan Sifen ne suka mulke shi, ya tashi yana jin Sifaniyanci kamar Larabci. Littafin kuwa na koya wa masu Sifaniyanci Turanci ne, ya saye shi tun yana saurayi lokacin da yake sa ran samun aiki a jirgin ruwa. Aikin bai samu ba, Turancin ma bai zauna ba, littafin ne kawai ya biyo shi.

Haka muka kafa wata irin makaranta da ban taɓa jin labarin irinta ba. Kullum bayan la'asar zan hau wurinsa da sandar garwata. Zan kafa sandar yadda nake nufi, in faɗi abin a raina da Hausa, in kwatanta masa da Larabci. Shi zai mayar da shi Sifaniyanci, ya bi shafuka da yatsansa mai rawa har ya samo, sannan mu duƙa mu biyu a kan kalmar Turancin da ke gefenta. Magana ɗaya sai ta ratsa harshe huɗu kafin ta iso, kuma ba ko yaushe take isowa da lafiyarta ba.

Ranar farko ya samo kalmarsu, inclinado, ya yi murna, ya ce an gama. Da muka duba sai ga kalmomin Turanci har huɗu a jere a ƙarƙashinta, kowacce da bayaninta da ƙananan haruffa. Ya dafe kai.

"Ya latif! Mu kalma ɗaya ta ishe mu. Su waɗannan me suke yi da huɗu?"

Ni kuwa sai na ji daɗi, don a nan Turawa sun fi kusa da mu. Na ce masa mu ma muna da karkata, da jingina, da kishingiɗa, da sunkuya, da gangara, kuma ba wanda zai saka ɗaya a wurin ɗaya sai baƙo. Ya ce to lallai mu da Ingilishi Allah ya haɗa mu da son wahala.

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Slope, in ji bayanin, ta ƙasa ce da hanya, irin gangaren da nake hawa da ruwa. Tilt ita ce yadda nake karkata garwa idan zan juye a randa. Slant mun yi kwana biyu a kanta ba mu gama yarda da juna ba, ƙarshe muka bar ta a kan hasken rana da ke shigowa ta tagarsa a karkace. Wadda ta dace da bango ita ce lean. Amma ita kaɗai ba ta raba mana gardama, don da ita ake faɗin wanda ya jingina, da ita ake faɗin wanda ya sunkuyo zai kifa. Sai an ƙara mata ciki ko waje, in ko out, kuma waɗannan biyun Allah ya taimake ni na taho da su daga elementare.

Wajen furuci kuwa ba a magana. Shi yana karanta Turanci da bakin Sifen, kowane harafi sai ya ba shi haƙƙinsa. Ni ina karantawa da abin da na tuna na malaminmu, wanda shi ma ban tabbata ya taɓa magana da Bature ba. Mukan yi musu har shayinsa mai na'ana'a ya huce. Idan na ɗaga murya sai ya ce, "Ya waladi, ɗana, makaho biyu ne muke gardamar launin riga," in yi dariya ba don ina so ba.

Sanda ba ta ishe shi misali ba. Ya ce kalma ba ta zama a kai sai an ɗaura ta a jikin abu na gaske. Daga ƙofarsa ana hango bangonmu a ƙasa, sai ya nuna shi ya ce in faɗa. In ce lean in. Sannan ya ja ni bayan ɗakinsa. A nan na fara ganin abin da ma'aikatan ba su gani ba, don ba su shigo lungun ba, kuma wani tsohon kwano ya kare shi daga hanya. Bangon bayansa ya yi ciki ya turo waje, ya tsage daga sama har kusan tsakiya, an tokare shi da guntun katako. Wani ne ya gina masa shi a gurguje tun kafin mu san shi. Ya shafa bangon kamar mai shafa tsohon jaki.

"Wannan fa?"

Na ce lean out.

"Tayyib! Ka ga amfaninsa. Da ba shi da lahani da me zan koya maka?"

Ya ce Baba ya riga ya gani, ya kuma yi alkawarin zai sauke shi ya sake ɗora masa idan aikin da ke hannunsa ya ragu. Daga ranar haka muke yi kullum kafin in sauka. Ya nuna ƙasa in faɗa, ya nuna bayan ɗaki in faɗa, da sauri da sauri, har ya zama ba na tunani. A kwana na bakwai muka haɗa jimla uku da zan gaya wa muhandis: bangon nan ciki ya jingina, mahaifina ne ya gina shi haka da gangan, ruwa yana fita ta nan. Ina hawa da garwa ina maimaita su, ina saukowa ina maimaitawa. Matata ta ce ko a wurin cin abinci bakina motsi yake.

Muhandis ya zo da hantsi. Na zaci zan ga wani ƙasaitaccen mutum, sai ga saurayi siriri da bai fi ni da yawa ba, da laima a hannu, gumi ya jiƙa masa riga, da gani hawan ya gallabe shi. Akawu na gaba da littafi, mai igiya na biye. Mutanen layi duk sun fito sun yi cirko-cirko. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tsaya a gefena. Magribi ma ya sauko da sandarsa, ya tsaya bayana kaɗan, ya ce idan na manta zai tuna mini.

Aka saki igiya, dalma ta kwanta a jikin bango kamar ranar farko. Akawu ya faɗi wata gajeriyar magana da Turanci, muhandis ya gyaɗa kai ya miƙa hannu a ba shi alƙalami. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Na yi gaisuwar elementare da ƙarfi, har wasu suka yi dariya. Muhandis ya juyo da mamaki. Na zubo jimlolina uku a jere ba numfashi. Ya saurara, ya dubi bangon, sannan ya yi mini wata doguwar tambaya da sauri. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na sake maimaita jimlolin. Ya yi ɗan murmushin tausayi, ya nuna igiyar, ya karkata tafin hannunsa, ya ɗaga kafaɗa. Wannan kam na gane: karkatacce karkatacce ne. Akawu ya miƙa masa alƙalamin.

Baba ya riƙe mini dantse.

"Gaya masa mana. Ka gaya masa bambancin."

Turancina ya ƙare. Abu ɗaya ya rage a kaina, shi ne abin da muke yi kullum kafin in sauko. Na dafa bangonmu na ce, "This, lean in. Good." Sannan na juya na miƙa hannu sama, wajen lungun, na ce, "That, lean out. Bad. Come, see."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa hannuna ne ya tafi shi kaɗai saboda sabo. Yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan yi wa ƙarya. Tsakanin dafa bangonmu da ɗaga hannun akwai ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido biyu ba, kuma a cikinsa na san ɗakin wa nake nunawa, na san ba shi da takarda. Na ga alƙalami a hannun mutumin, na ji yatsun Baba a dantsena, na zaɓa.

Muhandis ya mayar wa akawu alƙalamin ya bi lungun. Ni na shige gaba. Da na wuce ta gaban Magribi ban dube shi ba, ƙafafunsa kawai na gani cikin tsofaffin silifa. A bayan ɗakin muhandis ya janye kwanon, ya ga tsagar, ya sa yatsa a ciki, ya dubi katakon, ya leƙa ƙasa inda rufin wasu mutane yake daidai inda duwatsun za su zuba. Fuskarsa ta sauya. Da kansa ya kira a kawo jan fenti.

Da muka sauko sai ya koma wa bangonmu da wani ido daban. Ya ajiye laima ya tsuguna, ya leƙa kafofin ruwa, ya auna kaurin gindin da taƙinsa, ya sa aka ɗaga shi ya auna na sama. Ya bi jikin duwatsun yana neman tsaga bai samu ba. Ya tambaya da hannu wa ya gina, na nuna Baba. Sai ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Masha Allah, ustaz." Ya sa aka goge jan da farar ƙasa. Baba ya zagaya da shi sauran gidaje biyar ɗin da su ma aka shafa wa ja, duk aka goge. Mata suka yi ta guɗa daga cikin gidaje, wani dattijo ya rungume ni yana cewa yau boko ta yi rana.

Ba ni da abin da zan zargi muhandis da shi. Bangon nan da ya faɗi da ya kashe mutane, gaskiya ya gani ya yi aiki da ita. Amma aikin kwana biyu ne a hannun Baba, kuma da an bar lungun nan yadda aka bar shi ranar farko, da an gyara shi ba wanda ya ji.

Sai da hayaniya ta lafa Baba ya ga akawu a ƙofar Magribi yana rubutu. Ya hau da gudunsa na tsufa, ya roƙa a ba shi kwana biyu kacal ya sauke bangon ya mayar. Akawun, wannan karon da ladabi, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, suna ya riga ya shiga littafi, takarda kuma babu. Aka ba Magribi kwana huɗu ya shirya.

Washegari aka rushe ɗakin. Baba ya ɗauko dattijon da akwatinsa ya kawo shi gidanmu, ya ba shi shimfiɗarsa. Kwana ukun nan tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Na riƙa fita tun da sassafe, in ƙi dawowa sai na tabbata akwai mutane a gidan, don kada mu haɗu mu biyu ni da Magribi. Shi kuwa bai sauya mini ba ko kaɗan. Idan na shigo zai ce, "Ahlan, ya waladi," ya matsa mini wuri. Kullum Baba yakan raka shi Harami tun azahar, su yi ɗawafi a hankali saboda ƙafarsa, ya zauna yana kallon Ka'aba har la'asar. Baba ya ce mini bai taɓa ganin mutum yana kallon abu haka ba. Da Magribi ya zage ni, ko ya tofa mini yawu, da na samu sauƙi.

Mutanen layi ba su san abin da ya faru ba. Sun ga na yi magana, sun ga na ɗaga hannu, sun ga muhandis ya hau. A wurin nan gaba ɗaya, ban da ma'aikatan, mutum biyu ne suka san ma'anar abin da na faɗa, ni da wanda ya koya mini. Wasu suka ce akawu ne ya hango lungun, wasu suka ce wani maƙwabci ne ya kai tsegumi tun kafin ranar, har aka fara kallon wani bawan Allah mai sayar da gawayi da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar tafiya motar ta tsaya a bakin hanya bayan rana ta fito, babbar mota ce mai buɗaɗɗen baya, da mutane a ciki daga wasu unguwanni. Ni na ɗauko akwatin a ka. Baba yana riƙe da hannun Magribi har ƙasa, 'yan layi na biye. Da aka zo hawa sai Baba ya tsayar da shi. Abin ya kwana uku yana cinsa.

"Ya ahi, kai kana jin yarensu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, me aka ce har mutumin nan ya hau wurinka? Yaron nan na tambaye shi, ya ce shi bayanin bangonmu kawai ya yi. In wani ne ya kai ka, ina so in san shi."

Ina tsaye da akwati a kaina, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Magribi ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne irin wanda yake yi mini idan ina laluben kalma yana jira in samo ta da kaina. Ya ba ni lokaci, Allah ya sani ya ba ni. Na sunkuyar da ido.

Sai ya mayar da fuskarsa wajen Baba.

"Wallahi ya hajji, da sauri suka yi maganar. Turancina bai kai nan ba."

Mutumin da ya zo Makka don ya mutu da tsarki, maganarsa ta ƙarshe a cikinta rantsuwa ce a kan ƙarya, kuma don ni ya yi ta. Aka kama shi aka hau da shi. Na miƙa akwatin, wani ya karɓa. Motar ta tashi ta nufi hanyar Jidda, yana zaune ya juya baya ga inda za su, fuskarsa na kallon gari. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a gidan nan bayan haka, a cikinsa ya cika, aka binne shi a maƙabartar da mahaifiyata take, kamar yadda ya roƙa. Duk baƙon da ya zo daga gida sai ya ba shi labarin ranar da ɗansa ya tsaya gaban muhandis ya yi Turanci aka goge jan fenti. A ciwonsa na ƙarshe ma ya kama hannuna ya sa mini albarka a kan wannan. Na ce amin, ban gaya masa ba.